Takarda ta ce riba miliyan biyar da rabi, asusu ya ce dubu ɗari bakwai

Wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano ne ya aiko da wannan tambaya. Ya daɗe da yi wa kasuwancinsa rajistar kamfani. Bana 'yarsa da ke ajin ƙarshe a fannin akanta ta zauna da littattafan shago lokacin hutu, ta fitar masa da bayanan kuɗi na shekara, ta ce ya ci ribar naira miliyan 5.5. Shi kuwa da ya haɗa abin da ke banki da na akwatin shago, naira dubu 700 ya tarar, alhali bara warhaka yana da miliyan 2.9. Yana so ya sani: yarinyar ce ba ta iya lissafin ba, ko yaran shago ne ke masa ta'adi? Ya haɗo da hoton takardun.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na duba takardun, kuma kafin komai a daina hararar yarinya. Lissafinta na riba bai karkace ba. Abin da ya rage mata takarda ɗaya ce, kuma ita ce wadda kai ka fi buƙata.

A ƙa'idar da ake koya musu, ranar da kaya ya bar shago aka rubuta a littafi, ranar aka yi ciniki, ko an biya ko ba a biya ba. Mai shagon unguwa da ya ɗebi katan ashirin na taliya ya ce sai Juma'a, a wurin akanta an sayar, an ci riba. A wurinka kuwa ba a sayar ba sai alat ya shigo waya. To bayanin riba da asara da ta rubuta a kan waccan ƙa'ida yake: ciniki miliyan 96, kuɗin sarin kayan da aka sayar miliyan 86.4, ribar farko miliyan 9.6. Aka cire haya da albashin yara da dako da wuta da raguwar darajar kayan aiki, miliyan 4.1, saura 5.5. Wannan takarda amsar tambaya ɗaya take bayarwa: cinikin nan yana biyan kansa? Ba ta san inda kuɗin ya kwana ba.

Inda ya kwana yana cikin takarda ta biyu, wato ta kadara da bashi, idan aka jera ta bara da ta bana gefe da gefe. Bari mu bi sawunsa. Fara da 5.5, ka ƙara dubu 400 na raguwar daraja, domin wannan a takarda kawai aka cire shi, ba wanda ka miƙa wa. Ya zama 5.9. Hajar da ke sito ta tashi daga miliyan 8 zuwa 11: uku sun shige cikin katan-katan, saura 2.9. Bashin da kake bin kwastomomi ya tashi daga miliyan 2 zuwa 4.2, saura dubu 700. Diloli da ke ba ka kaya kafin ka biya sun ƙara maka lamunin miliyan ɗaya, ya koma 1.7. Ka sayi Keke Napep na kai kaya a kan miliyan 1.5, saura dubu 200. Sannan ga wani layi da ta rubuta da fensir a gefe, "kuɗin Baba", miliyan 2.4. Ka ga an samu giɓin miliyan 2.2. Cire shi daga 2.9 ɗin da ka fara shekara da shi, dubu 700 ke nan cif, abin da ka tarar.

Wannan bin sawu shi ne bayanin shige da ficen kuɗi, takarda ta uku. Ɗalibai da yawa suna tsallake ta saboda ita ce mai wahala a jarrabawa, alhali ita ce ɗan kasuwa ke ganewa nan take. Ma'aikacin banki mai ba da rance ma ita yake fara nema.

Yanzu maganar hajar nan, don a nan ciwon yake. Ka ce a wasiƙarka sito bai fi na bara cika ba. Na yarda. Katan ɗin kusan ɗaya ne, farashinsa ne ya hau. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma saki naira a Yuni, kowane ɗan Singa ya san wannan a jikinsa. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari. Ɗauki misali: ka sari katan a dubu 10, ka sayar dubu 11 da ɗari biyar. Takarda za ta rubuta ribar dubu ɗaya da ɗari biyar. Ka koma sari ka tarar ya zama dubu 11 da ɗari biyu. Abin da za ka iya sa wa aljihu ba tare da sito ya ragu ba, ɗari uku ne. Ƙa'idar lissafin haja da Najeriya ke bi ta yarda a ɗauka cewa kayan da ya fara shigowa shi ya fara fita, ko a yi matsakaicin farashi, ta kuma hana a ɗauka na ƙarshen shigowa ne ya fara fita. Don haka a shekarar tsada riba takan kumbura a takarda. Daga cikin 5.5 ɗinka, wajen uku ba ribar ci ba ce. Kuɗin riƙe shagon ne a girmansa na bara. Wanda ya cinye ta ya fara cin uwar kuɗi bai sani ba.

Bashin kwastomomi kuma, a nan ina da gyara ga ɗalibarmu. Ta raba 4.2 da dukan cinikin shekara, ta samu cewa ana biyanka cikin kwana 16, ta rubuta "yana da kyau". Amma yawancin cinikinka na hannu da hannu ne, ko tiransifa ko POS. Littafin bashi ya nuna kayan da aka bayar lamuni bai wuce na miliyan 24 ba. Da shi ya kamata a raba, kuma amsar kwana 64 ce. Wata biyu kuɗinka na hannun mutane, kai kuwa dila ba ya maka haƙurin da ya kai haka. Bayan wannan, babu inda ta ware komai don bashin da ba zai dawo ba. Alhaji, kai ka san su da suna: wanda ya rufe shago ya koma ƙauye, da wanda kullum sai ya ce gobe, da surukin da ba za ka iya kai wa ƙara ba. Ku zauna ku jera bashin bisa tsufansa, na ƙasa da wata ɗaya, na wata uku, na sama da wata shida. Idan mataccen ya kai miliyan 1.5, ribar ta sauko zuwa 4, kuma tsabar kuɗinka haɗe da bashin da ake sa ran karɓa sun zama 3.4, alhali diloli na binka 3.5. Ma'ana, in suka taso maka rana ɗaya, sai ka karyar da kaya. Wannan shi ne abin da nazarin bayanan kuɗi ya kamata ya faɗa wa mai shago. Jera alƙaluman kwatance goma a shafi ba tare da an ce ga wanda ke da haɗari ba, aikin neman maki ne.

Sai "kuɗin Baba". Cefane, kuɗin makaranta, gudummawar biki, taimakon 'yan'uwa, duk daga akwatin shago, kuma babu laifi mutum ya ci guminsa. Sai dai tun ranar da ka karɓi takardar rajista daga Hukumar Rajistar Kamfanoni (CAC), a idon doka kamfanin mutum ne daban, kai daban. Kuɗin da ya fita zuwa gare ka dole ya zama ɗayan uku: albashin darakta, ko rabon riba, ko bashin da kamfani ke binka. Fensir a gefen shafi ba ya cikinsu. Ka yanka wa kanka albashi, ko dubu 200 ne a wata, ya riƙa fita daga asusun kamfani zuwa naka ranar da aka sa. Zai rage ribar takarda, amma zai nuna gaskiyar abin da shagon ke iya ɗauka.

Tunda na san za ka tambaya: kada ka ɗauki adadin hajar da ke takardarta ka fitar da zakka kai tsaye. Akanta na ƙiyasta haja da kuɗin sari, ko kuma da abin da za ta iya kawowa in ta faɗi ƙasa da haka. A mazhabar Malikiyya kuwa, ɗan kasuwa mai juya kaya kullum yana yi wa hajarsa kuɗi da farashin kasuwa na ranar da shekara ta cika, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran samu, ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Takardar za ta taimaka, amma a kai wa malami tare da farashin yau.

Ta fuskar doka, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni: mai zaman kansa wanda cinikinsa bai wuce miliyan 120 a shekara ba, dukiyarsa bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, tare da wasu sharuɗɗa kan masu hannun jari, ba dole ne ya ɗauki odita, wato mai binciken lissafi daga waje, ba. Amma ajiye littattafai da kai rahoton shekara ga CAC suna nan. Aikin 'yarka ya isa ku gane kanku a cikin gida. Wanda za a kai banki ko ofishin haraji, a ba akanta mai lasisin ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN ya duba tukuna, ita kuma ta zauna kusa da shi ta ga yadda ake yi.

Batun yaran shago, takardun nan ba su tuhume su ba, ba su kuma wanke su ba. Na lura miliyan 11 ɗin haja daga littafi ta ɗauko shi, ba daga ƙirga ba. Ku rufe shago wata Lahadi, kai da ita da wani amintacce wanda ba ya aiki a sito, ku ƙirga katan ɗaya-ɗaya, ku ware wanda ya jiƙe da wanda wa'adinsa ya wuce da kwantan da ya shekara ba a taɓa ba. In abin da kuka samu ya zo kusa da na littafi, a bar yara su yi aikinsu. In giɓin ya yi yawa, ku fara da kayan da ke da tsada kuma ke shiga aljihu, irin su madarar gwangwani da sinadarin ɗanɗano, ku gwada rasit ɗin sari da littafin fita wata-wata har ku ga watan da aka fara rabuwa.