Murfin Zarto Ba Ado Ba Ne: Amsoshin Tambayoyinku Kan Injin Tsaga Katako

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Tudun Wada, na daɗe ina kai katako Sabon Gari ana tsaga mini. Yanzu na tara ɗan abin da na tara, ina so in mallaki injin tebur nawa. Na ga guda biyu. Ɗaya haɗin gida ne, moto mai ƙarfi, amma zarton tsirara yake. Ɗayan na hannu ne daga Turai, ƙarami kuma ya fi tsada, yana da murfin roba da wani lanƙwasasshen ƙarfe a bayan zarton. Abokan sana'a sun ce murfin ado ne, ko na saya cirewa zan yi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. In dai motonsa lafiya lau yake, ɗauki na biyun. Kuma wannan lanƙwasasshen ƙarfen da ka ambata a ƙarshe, shi ne rabin abin da za ka biya kuɗi a kansa.

Tsaya gefen inji ka dubi yadda faifan zarto yake juyawa. Haƙoran gaba, na ɓangarenka, ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur. Na baya kuwa sama suke tasowa. Muddin tsagar da aka yi a buɗe take, babu ruwansu da katakon. Amma ɗanyen malaina ko madacin da bai gama bushewa ba yakan haɗe baki bayan an tsaga shi, ya matse faifan. Nan take haƙoran baya su ɗaga shi su wurgo maka, kamar harbin jaki. Faifai mai inci 10 da ke juyi 4,000 a minti, bakinsa yana gudun kusan kilomita 190 a awa. Babu zafin naman da zai kauce wa wannan. Mafi muni, hannun da ke dafe da katakon yakan bi shi ya faɗa kan haƙora. Yawancin masu cewa "ban san yadda aka yi ba" haka aka yi.

Aikin ƙarfen baya shi ne ya shiga cikin tsagar ya hana ta rufewa, ya kuma hana katako karkacewa ya hau haƙoran baya. Shi kuwa murfi yana tare yatsa daga sama da gefe, yana tare ɓarɓashi daga ido. A Amurka, inda ake ƙirga irin waɗannan abubuwa, hukumar da ke sa ido kan haɗarin kayan masarufi ta ƙiyasta cewa zarton tebur yana raunata mutum wajen 30,000 a shekara, kusan 4,000 daga cikinsu har da rasa yatsa. Da yawansu kuma ba sababbin hannu ba ne.

Kafin ka ba da kuɗi, duba farantin da ke jikin moto. Na Turai ƙarfin wutarsa volt 230 ne, daidai da wutarmu. In ka ga 120, na Amurka ne, sai da taransifoma. Auna sandar da ake zura faifai: na Turai galibi milimita 30 ce, na Amurka kusan 16, kuma wannan ne zai nuna maka irin faifan da za ka riƙa nema. Kulle jagorar gefe, wato shingen da katako ke bi a gefen zarto, ka girgiza ta. In tana motsi, ko bayanta ya fi gabanta matsowa kusa da zarto, ita da kanta za ta riƙa jawo maka harbi.

Wajen ɗaura ƙarfen baya da murfin, zare fulogi daga soket tukuna, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Ɗaga faifan har ƙarshe, zura ƙarfen baya a mazauninsa, ka ɗora miƙaƙƙiyar rula a jikin faifai ka tabbata su biyun layi ɗaya suke. Tazarar da ke tsakaninsa da haƙora kada ta wuce milimita 8, kada kuma ya taɓa su. Ɗaure noti da kyau, ɗora murfin, ɗaga shi ka sake: ya kamata ya sauko da kansa ba tare da ya maƙale ba. Juya faifan da hannu zagaye guda ka saurara ko wani abu na gogawa. Sai ka gwada da guntun katako marar amfani, kana tsaye ɗan gefe, ba saitin zarto ba.

Abokanka suna da ɗan abin faɗa. Akwai aikin da murfi ke hanawa, kamar yanke kwari a jikin katako ba tare da an raba shi biyu ba. A nan ana cire murfi, amma ƙarfen baya yana nan in irin wanda ke sauka ƙasa da kan faifai ne, kuma da an gama a mayar. Matsalar shagunanmu ita ce murfin da aka cire don aikin minti biyar, sai ka tarar da shi rataye a ƙusa ƙura ta rufe shi.

Tambaya: Ni nawa haɗin gida ne, a Kwangila nake, kuma ba ni da halin canzawa. Mai walda zai iya yi mini wani abu?

Amsa: Zai iya, ɗan'uwa, amma kai za ka tsaya a kansa da ma'auni. Ƙarfen bayan ya zama lafiyayyen faranti miƙaƙƙe wanda ba ya lanƙwashewa. Kaurinsa ya ɗan fi jikin faifai, amma kada ya kai faɗin tsagar da haƙora ke yi. In ya yi kauri katako zai cije, in ya yi siriri bai tsare komai ba. A ɗaure shi da noti biyu a ƙarƙashin tebur, kada a yi masa walda ta dindindin, don wata rana za ka canza faifai. Murfin kuma a rataye shi daga sama da hannun ƙarfe mai ƙwari. Kada a manta da bel da fuli da ke ƙasa, su ma a rufe su.

Abin da na fi so ka fara saya ma makunni ne. An ɗauke wuta inji na aiki, kowa ya watse, yaro ya sa hannu yana kwashe dusa, sai NEPA ta dawo ba sallama. Akwai makunni mai maganaɗisu, mai maɓalli kore da ja, wanda da wuta ta ɗauke yake sakin kansa, ba ya tashi sai an sake danna koren. Masu kayan lantarki sun san shi, irin sa ake sa wa manyan injinan niƙa. Sa shi inda gwiwarka za ta kai.

Tambaya: Ɗana yana koyon kafinta a Samaru, hankalina ba ya kwanciya. Na ce zan saya masa safar hannu mai kauri.

Amsa: Hajiya, Allah Ya raya shi, amma a bar safar. A wajen zarto mai juyawa haɗari ce: haƙori ɗaya ya kama zare, sai ya ja hannun gaba ɗaya. Tana da amfani wajen ɗaukar katako kawai. Saya masa tabarau na aiki, da abin toshe kunne, da takunkumin hana ƙura, musamman in suna yanka MDF, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam. Riga mai gajeren hannu, ba kaftani ko jallabiya ba, agogo da zobe a aljihu. Ki tambaye shi ko akwai sandar tura katako a shagon. Guntun katako ne mai tsawon santimita 45 da ɗan baki a ƙarshe, da shi ake tura santimita 30 na ƙarshe maimakon yatsa. In babu, ya roƙi maigidansa cikin ladabi ya bar shi ya sassaƙa guda biyu.

Tambaya: Na ga bidiyon injin da ke tsayawa da zarar ya taɓa yatsa. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne. SawStop sunansa, wani Ba'amurke, Steve Gass, ya ƙirƙiro dabarar a 1999. Yana jin jikin mutum ta hanyar lantarki, sai birkin alminiyam ya cafke faifan cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Sai dai duk tsayawa ɗaya sai an sayi sabon birki, sau da yawa har da faifai, kuma jiƙaƙƙen katako ma yana iya tayar da shi. Ga mai aiki da ɗanyen katako a Zariya, ga tsada ga wahalar kayan gyara, ban ba ka shawara ba. Su ma masu shi da ƙarfen baya da murfi suke sayar da shi, domin birkin ba ya hana katako harbi.