Tambayoyinku kan jita, amf, fedal da rikodin a gida

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan sayen kaya suke, na ɗauko guda biyar waɗanda nasan amsarsu zata amfani wasu ma da basu rubuto ba.

Na farko yace: "Malam barka da aiki. Ina da jita uku, Squier biyu masu siffar Strat da Yamaha Pacifica ɗaya, yanzu kuma raina ya ƙwallafa a kan Les Paul. Abokina yace ɓarnar kuɗi ne, wai jita ai jita ce. In saya ko in haƙura?"

Ɗan'uwa, maganar abokinka ba haka take ba, jita ba duka ɗaya bace. Stratocaster, wato Strat, da kamfanin Fender ya fitar a 1954 fikof uku gareta, wato na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sautinta, masu naɗin waya ɗaya ɗaya, shi yasa sautinta yake fitowa siriri garau kamar ƙararrawa, amma kuma tana kwaso ƙugin wutar lantarki, wannan zuuu ɗin da kake ji idan ka tsaya baka kaɗa komai ba. Les Paul ta Gibson ta riga ta fitowa, tun 1952, kuma a 1957 aka fara sa mata fikof ɗin humbucker wanda Seth Lover ya ƙera, naɗi biyu ne a jere da aka haɗa su a juye don ƙugin ɗaya ya kashe na ɗayan, sai sautin ya zo da kauri da nauyi. Har tsawon tsirkiya ya bambanta, Strat inci 25.5 ce, Les Paul kuma 24.75, don haka a kan Les Paul tsirkiya tafi laushi a yatsa kuma lanƙwasa ta yafi sauƙi. Kaga kenan abinda kake nema abu ne na gaske da babu shi a Squier ɗinka.

Amma kafin ka fitar da ko sisi, ɗauko Pacifica ɗin nan ka duba fikof na ƙasa kusa da birij, wato inda tsirkiya take ɗaure a jikin jitar. In Pacifica 112 ce, to humbucker ne a wurin, tura suwic ɗin can ƙarshe ka kaɗa shi sati guda shi kaɗai. In kaji wannan kaurin ne kake mafarki, kuma har yanzu bai isheka ba, to ka saya da zuciya ɗaya. Abinda ban yarda dashi ba shine Squier biyu masu yin aiki iri ɗaya, ɗaya tana hannunka kullum ɗaya tana jingine tana shan ƙura tsirkiyarta na tsatsa. Ka sayar da wacce baka taɓawa, ka ƙara kuɗin a kan Epiphone, wanda reshen Gibson ne kamar yadda Squier take reshen Fender. Kuma don Allah ka rataya ta a kafaɗa ka tsaya da ita ko minti ashirin ne kafin ka biya, domin Les Paul nauyi gareta, da yawa suna kai kilo 4 ko fiye, na ga mutane da dama da suka saya da murna daga baya kafaɗa ta hana su ɗauka. Brian May, mai jitar ƙungiyar Queen, jitar da suka haɗa shi da mahaifinsa a gida a farkon shekarun 1960 ita ya riƙe tsawon rayuwarsa ta kiɗa, ni wannan yana burge ni sosai, domin sanin jita ɗaya ciki da bai wani abu ne da hannu yake koya a hankali, ko ina a wuyanta kasan yadda zata amsa maka.

Na biyu gajere ne amma amsarsa tana da tsawo: "Na samu kan Marshall mai tub, wat 100, da akwatin sifika huɗu, na hannu ne kuma mai shi ya matsu. A ɗaki nake kiɗa. Ya kake gani?"

Kar ka saya, sai dai in kana da dandamali da zaka riƙa hawa. Kan da ka faɗa shine amf ɗin, wato na'urar da take ƙara wa jita ƙarfin sauti, sifikarsa a akwati daban take. Amf mai tub, wato mai waɗancan kwalaben gilashin da suke yin ja idan sun ɗau zafi, daɗinsa baya fitowa sai an matsa masa, sai tub ɗin sun fara aiki da ƙarfi sautin ya ɗan fashe ya yi zaƙi. Wat 100 kafin ka kai shi wannan matsayi tagogi sun fara rawa kunnenka kuma yana ɗaukar lahanin da baya gyaruwa, sai ka ƙare kana kunna shi a lamba ɗaya inda sautin yake a shaƙe ba daɗi. Mutane suna ɗauka wat 100 ya ninka wat 50 ƙara sau biyu, alhali ninka wat desibel 3 kawai yake ƙarawa, kafin kunne yaji ƙara ta ninka sai an ninka wat ɗin kusan sau goma. Wato wat 5 ma ba wasa bane, kusan rabin ƙarar wat 50 ne. Fender Champ wat 5 ne da ƙaramar sifika ɗaya kuma an ɗauki faifai masu yawa dashi a manyan situdiyo, Deluxe Reverb wat 22, Vox AC30 wat 30, waɗannan biyun na ƙarshe har da mai ganga a bayanka zasu ji ka. Don ɗaki, ƙaramin mai tub daga wat 1 zuwa 5 ya isa, ko kuma irin Boss Katana 50 da yake da maɓallin rage ƙarfi har zuwa rabin wat, ga ramin hedfon don dare.

In kuma ka riga ka ƙudurta sai ka saya, to ga abinda nake roƙonka. Kar ka taɓa kunna kan amf mai tub ba tare da an jona shi da sifika ba, taransifomarsa zata iya ƙonewa kuma ita ce mai tsada a ciki. Ka duba bayan akwatin ka ga om nawa ne, wato ma'aunin juriyar sifika, 4 ko 8 ko 16, ka daidaita da na kan. Tsakanin kan da akwatin kebul ɗin sifika ake sawa, ba na jita ba, ko da yake bakinsu iri ɗaya ne, na jita wayar cikinsa siririya ce bata iya ɗaukar wannan wutar. Sannan kar ka buɗe cikinsa da kanka ko da ka cire shi daga soket, akwai kafasito da suke riƙe wuta ta ɗaruruwan volt bayan an kashe, tana kisa wallahi, wannan aikin mai gyara ne.

Ta uku wata baiwar Allah ce, tambayarta a kan fedal take, wato ƙananan akwatunan da ake takawa da ƙafa don canza sautin jita: "Ina da fedal biyar, tuna, wah, Tube Screamer, dilei na dijital da ribab. Tunda na haɗa su wuri ɗaya wata ƙara siii take fita ko ban taɓa jita ba. Wani yace in sayi noise gate."

'Yar'uwa, noise gate fedal ne mai toshe ƙara idan ba a kaɗawa, amma kar ki ƙara fedal na shida tukuna, ki fara gano ɓarawon. Rage bolum ɗin jita zuwa sifiri, in ƙarar ta ɗauke to daga jitar take, fikof ne yake kwaso ta daga fitila ko caja ko kwamfutar da ke kusa, gwada juya jikinki a hankali zaki ji wani gefen yafi shiru. In bata ɗauke ba, to tana cikin fedal ko kebul ko wuta, kuma ina kyautata zaton wuta ce, domin mai yiwuwa adafta ɗaya ce take ciyar da su duka ta waya mai rassa. Tube Screamer, wanda Ibanez suka fitar tun 1979, ɗan abu kaɗan yake ci, bai kai miliamf 10 ba, shi kuwa dilei na dijital yana iya cin ninkin haka sau goma ko fiye, kuma yana zubo dattin ƙararsa cikin wayar da suke rabawa, sai obadiraif, wato Tube Screamer ɗin, ya ɗauka ya ƙara masa ƙarfi tunda aikinsa kenan. Gwaji mai sauƙi, ki cire dilei da ribab daga wannan wayar ki sa wa Tube Screamer batir mai volt 9, in shiru ya samu to kin san maganin, abinda zaki saya shine akwatin wuta wanda kowace ƙofa tasa a ware take da sauran. Ki karanta rubutun jikin kowane fedal kafin ki jona, yawanci volt 9 ne da negatif a tsakiya kamar na Boss, amma ba duka ba, kuma kuskure ɗaya a nan yana iya ƙona fedal nan take. Jerin da kika rubuto kuma daidai yake, tuna, wah, obadiraif, dilei, ribab a ƙarshe, ki barshi haka. In kina amfani da batir ki riƙa zare kebul ɗin shiga idan kin gama, in ba haka ba yana ci gaba da zuƙa.

Na huɗu: "Ina so in fara ɗaukar kiɗana a gida, ina da laftof. In fara da makirfo mai tsada ko me?"

Ka fara da intafes, wato ɗan akwatin da yake shigar da sauti cikin kwamfuta. Mai ƙofa biyu irin Focusrite Scarlett 2i2 ya isa mutum ɗaya shekaru, ka sa jita kai tsaye ka danna maɓallin da aka rubuta Inst, wannan maɓallin yana da muhimmanci don fikof yana buƙatar ƙofa mai tsananin juriya, in ba haka ba sautin sai ya dushe kamar an rufa masa bargo. Manhaja kuma akwai Reaper, akwai GarageBand ga masu Mac, akwai Neural Amp Modeler kyauta da yake kwaikwayon amf na gaske har ka kasa bambancewa a cikin waƙa. Ka ɗauka a 24 bit, kuma kar ka cika gen, wato maɓallin ƙarfin sautin da ke shiga intafes, inda ka fi bugawa da ƙarfi ya tsaya wajen desibel -12 a ma'aunin manhaja, da zarar fitilar tayi ja sautin ya fashe kuma babu gyara daga baya. In kaji kana kaɗawa sautin yana zuwa a makare, rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta fitar, zuwa 128, a 48 kHz wannan bai kai milisakan 3 ba, a Windows kuma ka tabbatar direban ASIO na intafes ɗin kake amfani dashi.

Makirfo sai daga baya, kuma ni Shure SM57 nake cewa a fara dashi, tun 1965 yake kasuwa kuma har gobe shi ake kafawa a gaban amf. Abin da nafi so in nuna maka shine yadda matsar dashi kaɗan yake canza komai. Haska tocila ta cikin ƙyallen amf zaka hango da'irar tsakiyar sifika, sa bakin makirfo dab da ƙyallen daidai tsakiya ka ɗauki sakan goma, zaka ji kaifi har yana sukar kunne, sai ka matsar dashi faɗin yatsu biyu zuwa gefe ka sake ɗauka, ka sake matsarwa ka sake, kowane mataki sautin yana ƙara laushi da duhu, a wani wuri tsakanin nan zaka ji ya zauna daram, sai ka manna ɗan salatif a ƙyallen don gobe. Jitar katako kuma, wato wacce ba ta lantarki ba, kar ka nufi ramin ta, iska ce zata cika maka rikodin buuu, ka nufi wajen firet na 12, wato na goma sha biyu cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, da tazarar kamar santimita 25. Makirfo mai kondensa yana da kyau amma sai an bashi volt 48 daga intafes, kuma komai na ɗakin yake kwashewa, fanka, amsa kuwwar bango, har motsin kujera, don haka in ɗakinka babu labule da kafet zai fi baka wahala. Sabuwar tsirkiya da sake tuni kafin kowace ɗauka, waɗannan biyun kar ka raina su.

Na ƙarshe ya tambayi abinda zai duba a jita ta hannu da kuma yadda zai ajiye nasa guda shida. Ka ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa ƙasa kamar mai saita bindiga, ɗan lanƙwasa kaɗan ba komai ana gyara shi da sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, amma in ya murɗe gefe ka ajiye musu abinsu. Ka kaɗa kowane firet ɗaya bayan ɗaya, ka juya kowane maɓalli kana sauraron ƙarar ƙas ƙas, ka duba bayan kai da kyau ko an taɓa ɗinke karaya, musamman a Les Paul don nan ne take yawan karyewa. Ajiya kuma, katako danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 yake so, bushewa tana tsaga jitar katako kuma tana sa bakin firet ya fito yana yankar hannu, don haka wacce baka kaɗawa kullum ka mayar da ita akwatinta da ɗan abin auna danshi a ciki, nesa da taga da rana. In akwai Gibson a cikinsu ka naɗe robar abin jinginawa da tsumman auduga, fentinta na naitiro ne kuma roba tana cin sa ta bar tabo a wuya.