Kiranyen motoci da ingancin kamfani: amsa ga mai neman ƴar Kwatano a Damagaram

Malam, ka ce an nuna maka Corolla ta 2004 ƴar Amurka da Hyundai Sonata ta 2012, kuma ka ji labarin Toyota ta yi wa miliyoyin motoci kiranye, shi ne kake tambaya ko Toyota ta lalace ne, da kuma wane kamfani ya fi inganci a yanzu. Yawan kiranye ba shi ne ma'aunin ƙarkon mota ba. Abin da zai amfane ka shi ne sanin wane inji ke cikin motar da aka nuna maka, wane aibi aka san shi da shi, da kuma ko an gyara aibin kafin motar ta hau jirgin ruwa.

Kiranye a Amurka doka ce ta lafiyar mutane. Da zarar kamfani ya tabbatar akwai aibin da zai iya jawo haɗari, wajibi ne ya sanar da NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci a hanya, cikin kwanaki 5 na aiki, sannan ya aika wa masu motocin wasiƙa su kawo a gyara kyauta. Wani kiranyen na takardar da aka manna ba daidai ba ne a jikin ƙofa, wani kuma na abin da ke kashe mutum ne, amma a lissafi kowanne ɗaya ne. Injin da ke shan baƙin mai, ko giyar da ke mutuwa da wuri, sau da yawa ba sa shiga kiranye ko kaɗan, sai dai kamfani ya tura wa garejinsa takardar bayani ko ya ƙara wa'adin garanti. Don haka mota tana iya fita tas a jerin kiranye ta kuma hana ka sakat da makanike.

Kuma babu kamfanin da ya tsira. Toyota a 2009 da 2010 ta kira motoci wajen miliyan 9 kan totur mai maƙalewa da shimfiɗar ƙasa da ke danne shi, har ta biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 a 2014 saboda ɓoye maganar. A 2014 ɗin kuma General Motors ta kira motoci miliyan 2.6 kan makunnin mota da nauyin tarin mukullai kaɗai ke iya juya shi, inji ya mutu ana cikin tafiya, jakar iska ta ƙi fitowa; mutum 124 aka amince sun rasu ta wannan hanya. Volkswagen kuwa a 2015 aka kama ta da maguɗin gwajin hayaƙi a motocin gazuwal miliyan 11. Dalilin da lambobin ke kai miliyoyi shi ne kamfanonin ba su ke ƙera kowane kaya da kansu ba. Masana'anta guda ke yi wa kamfanoni goma kaya iri ɗaya, in ta kuskure sai abin ya bi kowa. Famfon mai na Denso da aka kira a 2020 haka ya yi: robar farfelarsa na shan mai ta kumbura ta tsaya, ya shafi Toyota da Honda da wasu tare.

Wanda ya shafe ka kai tsaye shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, kuma a nan zan daɗe, don shi ne mutanenmu suka fi raina wa. A bayan jakar akwai wani ƙaramin gwangwanin ƙarfe da sinadarin da ke kamawa ya hura ta cikin ƙiftawar ido. Takata ta yi amfani da amoniyam naitiret, a da yawa kuma ba ta sa abin tsotse laima ba. Shekaru na zafin rana da sanyin dare da laimar iska suna lalata sinadarin, sai ranar da aka yi karo ya kama da ƙarfin da ya wuce ƙima, gwangwanin ya tarwatse, gutsattsarin ƙarfe su fito ta fuska da wuya. Karon da mutum zai fito ya karkaɗe riga sai ya zama ajali. A Amurka kaɗai an kira guda wajen miliyan 67 daga kamfanoni 19, mutum sama da 25 sun mutu a can, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. Honda Accord da Civic na 2001 da 2002 su ne suka fi muni. A watan Janairu na 2024 Toyota ta ce masu Corolla da Matrix na 2003 da 2004 da RAV4 ta 2004 da 2005 waɗanda ba a gyara ba su daina tuƙa su kwata-kwata. A Corolla jakar gefen fasinja ce, wato inda iyali ke zama. A RAV4 ta direba ce. Ƴan Turai ma ba su kuɓuta ba: a 2024 aka ce masu Citroën C3 da DS3 su ajiye su, aka kuma fara da kudancin Faransa saboda can ya fi zafi.

Wani zai ce Damagaram busasshen gari ne, ina laimar take? Motar ba a nan ta yi shekarunta na farko ba. Wataƙila ta yi goma sha biyar a Florida ko Texas, ta yi makonni a teku, ta zauna a filin Kwatano ko Lome. Sannan ta zo nan, inda a watan Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana a bakin Kasuwar Dole. Damina kuma tana zuwa kowace shekara.

Wasiƙar kiranye tana zuwa ne ga wanda sunansa ke kan rajistar motar a can. Motar da aka yi gwanjonta aka loda a jirgi ta fita daga lissafinsu, kuma dokar tarayyar Amurka ba ta hana sayar da tsohuwar mota da kiranyen da ba a gyara ba. Ba wanda zai buga maka waya. Kai ne za ka bincika, kuma wayar hannunka ta isa.

Ka nemi lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, babu I, babu O, babu Q a ciki. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana jikin ginshiƙin ƙofar direba, tana kuma kan takardun motar. Ka karanta ukun da idonka, su zo ɗaya. In suka saɓa, ciniki ya ƙare a nan. Farkon lambar na faɗa maka inda aka ƙera ta: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, K Koriya, W Jamus, VF Faransa. A Toyota, SB1 ta Ingila ce, irin su Avensis, NMT ta Turkiyya, VNK Yaris ce ta Faransa, MR0 Hilux ta Tailan. A motocin kasuwar Amurka, gurbi na 10 shi ne shekara: 4 na nufin 2004, 9 na nufin 2009, A 2010, C 2012. Dillali ya ce maka ta 2007 ce, ka ƙirga ka ga 4, ka san inda aka dosa. Ƴan Turai ba duka ke bin wannan tsari na shekara ba, kada ka riƙe shi a kansu.

Sai ka sa lambar a shafin kiranye na NHTSA, zai nuna maka wanda ba a gyara ba. Amma shafin ya fi tsayawa kan shekaru 15 na baya, saboda haka tsohuwar mota ka sake gwada ta a shafin kamfanin kansa. Toyota da Honda da Hyundai duka suna da wurin sa lambar shasi. In ƴar Turai ce, shafin kamfanin na Faransa ko Beljiyam ko Jamus za ka nema, ba na Amurka ba.

To, in ya nuna jakar ba a canza ba fa? Ka tuntuɓi wakilin kamfanin a Yamai, na Toyota shi ne CFAO, ka ba su lambar ka ji ko za su karɓi aikin, kafin ka biya kuɗin mota ba bayan ka biya ba, don tafiyar kusan kilomita 900 ce. Abin da ba zai yiwu ba shi ne sayen jakar wata tsohuwar Corolla a wurin masu kayan gwangwan, don mai yiwuwa irin ta ce, shekarunsu ɗaya, ciwonsu ɗaya. Kada kuma yaron gareji ya sa mata gwajin wuta ko ya buɗe gwangwanin. Abin fashewa ne. In babu hanyar gyara, ra'ayina ka bar wannan motar ka nemi wadda shafin ya nuna an gama da ita. Suna da yawa, don an daɗe ana wannan gyaran. Ka kuma lura da fitilar jakar iska idan ka murɗa mukulli: ta kama, ta yi kamar daƙiƙa 6, ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam an cire mata ƙwai ko an rufe ta da baƙin salatif. Wadda ke mutuwa daidai lokacin da fitilar mai ke mutuwa, an haɗa musu waya ne.

Yanzu inji. Corolla ta 2004 tana da 1ZZ-FE mai lita 1.8, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, giyarsa ta otomatik mai hawa huɗu ce ta tsohon yayi wadda ba ta da rigima. Yana cin baƙin mai kusan lita 4. In ya tsufa yakan fara shan mai ta ringin fistan, ana gane shi da shuɗin hayaƙi idan aka taka bayan ya daɗe yana sulo. Waɗanda suka biyo baya, na 2005 zuwa 2008, an kira fiye da miliyan ɗaya a 2010 kan kwamfutar inji da dalmarta ke tsagewa, mota ta riƙa mutuwa ko ta ƙi tashi. Makanike da bai san wannan ba sai ya canza famfon mai, ya canza buji, ya canza koyil, ciwon na nan.

Sonata ta 2012 ta fi ta sabunta da faɗi da daɗin zama, ba gardama. Amma injinta Theta II ne, kuma tarihinsa sananne ne. A masana'antar Alabama an bar ɓurɓushin ƙarfe a ramukan mai na karanshaf, su toshe hanyar mai, ƙarfen da sandar fistan ke juyawa a kai ya cinye, inji ya fara ƙwanƙwasa daga ƙasa, daga nan ya buga, wani lokacin har da gobara. An kira Sonata 470,000 na 2011 da 2012 a 2015, aka faɗaɗa a 2017 har zuwa Kia Optima da Sorento da Sportage, a 2020 kuma hukuma ta ci Hyundai da Kia tarar dala miliyan 210 saboda jan ƙafa. A can, wanda injinsa ya buga ana ba shi wani kyauta. A nan daga aljihunka ne, kuma injin da za a kawo maka daga Kano danginsa ne. Ƙari a kan haka, injin yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, ba ya haƙuri da fetur ɗin kwalba mai ruwa da yashi. Ba wai duk Hyundai haka take ba, kamar yadda ba duk Toyota ce lafiyayya ba: Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2AZ-FE ta yi suna wajen shan baƙin mai, wata har lita guda cikin kilomita 2,000, kuma ba a taɓa yi mata kiranye a kai ba. Avensis ta gazuwal mai injin 2AD an san ta da ƙone gaskit. Ko sabuwar Tundra sai da aka kira sama da 100,000 a 2024, kan irin ɓurɓushin ƙarfen da ya kayar da Hyundai.

Tsakanin biyun nan, ga mai bin hanyar Tanut ko Gure ko Magarya, Corolla zan ce, da sharaɗin jakar iskar. Dalili ba sunan kamfani ba ne. Kayanta na nan a gari, wanda babu ana samo shi daga Kano ko Maraɗi, kuma kowane gareji ya taɓa buɗe irin injin.

Ka kuma duba abin da ba ya cikin kowane jerin kiranye, wato ambaliya. Motocin da ruwa ya ci a Amurka inshora na sayar da su a gwanjo, da yawa kuma Afirka ta Yamma suke yowa. Ka tura kujera baya ka leƙa dogon ƙarfen da take gudu a kai, ka ɗaga kafet, ka fito da tayar safaya ka shafa ƙasan ramin, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen laka. Tsatsa a kan kusoshin ƙarƙashin sitiyari ba ta da wani bayani sai ruwa. Irin wannan motar wayoyinta ke ruɓewa a hankali, yau gilashi, gobe giya. Ka je ganin mota da sassafe inji na sanyi, ka hana a tayar kafin ka iso, a kuma sa mata kwamfuta. In ta nuna an goge bayanai kwanan nan, ka tambayi dalili.

Sauran kuma aikin hannunmu ne, ko da yake kamfani ake zagi. Mota na isowa sai a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don zafin ƙasarmu. Tamostat ɗin Corolla a digiri 82 yake buɗewa, injin an yi shi ne ya yi aiki a wannan zafin. In an cire, kwamfuta na ganin inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara mai, ka sha fetur, silinda ta wanke. In mota na tafasa, lagireto ne ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Ruwan rijiya ko na famfo shi ke toshe shi da farin gishiri. Ruwan sanyaya inji na gaske ake zubawa. Baƙin mai kuma littafin motar 5W-30 ya ce, mai kaurin 20W-50 ba ya saurin isa ƙananan ramukan VVT-i, na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, da safe. Da ƙurar hunturu irin tamu, juye duk kilomita 5,000 tare da sabuwar matata, matatar iska kuwa a canza ta, a daina hura ta da iskar mai faci har takardar ta yage, don ta wannan yagewar yashi ke shiga ya cinye ringi.