Ɗinki da saƙa a gida: aiki ya yi yawa, kuɗi ba sa zama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗinki a gida da keke guda, kuma na iya saƙar kibiya da ta kwarashi. Don nishaɗi na fara, sai mutane suka soma kawo mini aiki. Yanzu kullum hannuna yana kan aiki amma ban ga abin da nake tarawa ba, dangi kuma ba sa biya, har sana'ar ta fara fita raina. In ci bashi in ƙara keke ne, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ƙara keke tukuna, kada kuma ki haƙura. Abin da na hango a bayaninki shi ne kina sayar da zare da yadi, lokacinki kuma kina bayarwa kyauta.

Ki samu ɗan littafi. Wata guda cur, duk aikin da kika ɗauka ki rubuta lokacin da kika fara da lokacin da kika ajiye. Awo yana ciki, yanka yana ciki, guga, zuwa sayen zare, har warwarar da kika yi da dare saboda hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A ce rigar sanyin jariri ta ci miki awa 12 a kibiya. Tambayi kanki, a awa 12 ɗin nan rigunan yara nawa za ki fitar a kan keke? Yawancin masu haɗa sana'o'in biyu a nan suke gane cewa ɗinki ne ke ɗauke da nauyin saƙa.

Ba laifin hannunki ba ne. Tun 1589 wani mutumin Ingila, William Lee, ya ƙera injin saƙa safa, kuma a yau mai saƙa da hannu ba ta iya gasar araha da inji. Don haka babbar rigar sanyi irin wadda ke jibge a kanti ba kasuwarki ba ce. Kwarashi ya ɗan bambanta, domin masana'antu ba su da injin da ke yin ainihin saƙarsa, sai dai kwaikwayo. Can ne ƙarfinki yake: hular jarirai, ɗan takalmi, jaka, adon bakin riga, ƙananan abubuwan da ke ƙarewa da wuri kuma mai saye ya san hannu ne ya yi su. Babban bargo kuwa sai ga wanda ya ji kuɗin awanninsa bai girgiza ba.

Kuɗin kowane aiki kashi uku ne. Akwai na kayan aiki, har da waɗanda ake mantawa: allura, zif, maɓalli, man keke, wuta, da guntun yadin da ba zai sake moruwa ba. Akwai ladan awanninki. Sai riba, wadda ita ce za ta gyara keke ranar da ya tsaya. Mata da yawa suna cire kuɗin zare, su kira sauran riba, alhali ko ladan zamansu bai kai ba.

Kada almakashi ya taɓa yadi sai an ba ki kafin alƙalami da zai biya kayan aikin duka. Yana hana a bar miki kaya a hannu, yana kuma ba ki damar sayen zaren gaba ɗaya. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne: zaren ulu ana rina shi ne rukuni-rukuni, akwai lambar rinin a jikin takardarsa, in ya ƙare miki a tsakiya wanda za ki ƙaro zai iya saɓawa a launi ko da sunansu ɗaya. Yadin auduga kuma ki wanke shi kafin yanka, don yana tsukewa. Ki rubuta awo da samfurin da aka zaɓa a gaban mai kaya. Gyara na farko kyauta, canjin ra'ayi da kuɗinsa.

Batun dangi shi ya fi ciwo, na sani. Kunyar marar kunya asara ce, amma ba sai an yi faɗa ba. Ki faɗi cikakken kuɗin aikin tukuna, sannan ki ce kin rage mata kaza saboda zumunci. Ragin da aka ji adadinsa ana gode masa, wanda aka yi shiru a kansa kuwa gobe sai ya zama haƙƙi. Wadda kike son yi wa kyauta, ke za ki zaɓe ta, ke za ki zaɓi lokacin.

Sayen keke da biya kaɗan-kaɗan tsohon abu ne, kamfanin Singer ya fara shi a Amurka tun 1856, kuma yana da amfani ga wadda aikin kuɗi ya fi ƙarfin kekenta. Ke littafinki ne zai nuna. In kin ga kina mayar da masu biya saboda gyaran bakin yadi yana cin lokacinki, injin da ke wannan aikin zai fi miki keke na biyu, tunda ƙafa ɗaya ce za ta taka duka biyun.

Sannan ki ware aiki guda wanda ba na kowa ba ne, babu ranar karɓa, babu mai kiran waya, launin da ranki ke so. A littafin ma ki ba shi awanninsa na mako, don kada aikin mutane ya cinye su.