Baba ya koma rubutu a rabin takarda: tabarau za mu saya?

Tambaya: Wata huɗu ke nan da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Hannunsa na dama lafiya lau, amma in ya zauna lissafin shago sai ya cunkushe rubutun a gefen dama, hagun takardar fayau. Yayana ya ce a yanko masa tabarau, ni na ce waya mai faɗin fuska. Wanne ya fi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ku riƙe kuɗinku tukuna. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa hagun jiki, kuma idan ya taɓu, mutum kan daina kula da duk abin da ke hagunsa, ko da idonsa garau yake. Ku lura da shi wajen cin tuwo, ƙila na hagun kwano yake bari. Ko ku ce ya zana agogo, ku ga ko lambobin za su taru a dama. Da boko farkon layi ke kuɓuce masa, in kuwa ajami yake yi, ƙarshen layin ne zai rasa. Tabarau ido yake gyarawa, waya kuma rabin fuskarta zai duba kamar takardar. Duk da haka likita ya gwada faɗin ganinsa, don ciwon kan cinye rabin gani. Abin saye bai taka kara ya karya ba: littafi mai manyan layuka da jan alƙalami mai kaurin baki. A ja layi mai kauri a gefen hagu, a riƙa tuna masa ya nemo jan kafin ya fara. Sauran kuɗin ku kai wa masu gashin ƙashi da koyar da ayyukan yau da kullum a asibiti.

Tambaya: Mahaifiyata tana rubuta wasiƙa tsaf bayan ta samu irin wannan ciwon a ƙwaƙwalwa, amma ba ta iya karanta abin da ta rubuta. 'Yan'uwa sun ce a sayo turaren aljanu.

Amsa: Likitan Faransa Dejerine ya bayyana irin wannan tun 1892. Hanyar da ke kai abin da ido ya gani zuwa wurin gane kalmomi ce ta yanke, wurin rubutu kuwa yana nan. A nan waya za ta yi amfani, musamman saƙon murya na WhatsApp. Ku sa ta riƙa bin haruffa da yatsa, wasu ta hannu suke gane kalmar da ido ya kasa.