Ajin da aka gayyaci ƙaninki a Amurka

'Yar'uwa, kin tambaya ko ajin "Institute" da abokan ƙaninki suka gayyace shi yana cikin karatun jami'a. A'a, na cocin Mormon ne, wata ɗariƙar addini da ta samo asali a Amurka. Sun fara shi a 1926 kusa da Jami'ar Idaho, don kada matasansu su saki addini idan sun bar gida. Sukan yi gininsu dab da harabar jami'a, su koyar da Baibul da Littafin Mormon (nasu littafi mai tsarki) da zaman aure, kyauta, kuma ba a korar baƙo.

Ni dai na yaba da yadda suke riƙe 'ya'yansu. Amma ki gaya masa gaskiya: darasin addininsu ne, ya shiga da saninsa.