Rakiyar ayarin tsofaffin motoci zuwa Rumsiki: nawa zan caja, me zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan gyaran mota a Marwa, da fikap ɗaya da bakanike. Wasu masu sha'awar tsofaffin motocin tsere daga Yawunde, motoci 8, yawancinsu Peugeot 504 mai ƙofa biyu da tsofaffin Mercedes, sun nemi in raka su Rumsiki, wani ƙauye cikin duwatsun arewacin Kamaru, na kwana 3 saboda gyara. Sun ce za su biya ni gwargwadon gyaran da aka yi. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Karɓi aikin, amma ba bisa wannan sharaɗi ba. Idan sai mota ta lalace za ka samu kuɗi, to ranar da duk suka je lafiya suka dawo lafiya, kai ka yi asara: ka ƙona mai, ka ɗauke bakanike daga gareji, ka dawo hannu rabbana. Abin da suke saya a wurinka shi ne kana bayansu a hanyar da babu gareji. Wannan ake yi wa farashi, ko an taɓa sifana ko ba a taɓa ba.

Ka fara da lissafin abin da zai fita daga aljihunka. Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne na kwalta, daga Mokolo zuwa Rumsiki kimanin 50, hanyar burji da duwatsu. Zuwa da dawowa da 'yan kai-kawo, ɗauki kilomita 350. Fikap mai kaya tana iya shan lita 12 a kowane kilomita 100, wato lita 42. A farashin man gas na sefa 828 da aka sa a 2024, ya kama kusan sefa 35,000. Ka ɗora ladan bakanike da yaronsa, abinci, masauki, da abin da garejin ya saba kawowa a kwana 3. Jimillar nan ka ƙara mata kashi ɗaya cikin uku na riba da lalacewar taya, ka raba wa motoci 8. Rabin kuɗin ya shigo ta Orange Money ko MoMo kafin a tashi, domin da shi za ka yi sayayya. Kayan da aka sa wa mota kuwa, mai ita ke biya daban.

Inda jarinka zai iya nutsewa shi ne kayan gyara. Kada ka sayi kayan da mota ɗaya kaɗai ke ci. Peugeot 504 ta fito a 1968, an kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, don haka kayan injinta mai silinda huɗu ba sa wahala a yankinmu. Amma mai ƙofa biyun nan akwai wadda ke da injin V6 mai silinda shida, kayanta ba a samun su a kasuwar Marwa, haka ma na tsohuwar Mercedes. Ka rubuta musu tun yanzu: kowa ya zo da fambel ɗinsa, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, kwantak da kwandansa, fulogi, da famfon mai idan yana da shi. Kai ka ɗauki abin da ko ba a yi amfani da shi ba zai koma kanta ya sayu: baƙin mai, man birki, fiyus, waya, matsen tiyo, matatar mai, batir ɗaya, kayan facin taya, jarkar ruwa biyu masu lita 20, da abin kashe gobara.

Wani sharaɗin kuma, wanda a ganina ya fi farashin muhimmanci: kowace mota ta kwana a garejinka kafin a tashi, a duba ta, da kuɗinsa daban. Abin da ke tsayar da irin motocin nan a dutse sananne ne.

Na farko zafi. Hawa a giya ɗaya ko biyu yana sa injin ya yi aiki sosai alhali iska kaɗan ke ratsa lagireto. Lagireton da ya shekara arba'in da tsatsa a ciki ba zai jure ba. A wanke shi, a canza murfinsa idan robar ta mutu, a gwada ƙarfin fambel. Idan allurar zafin inji ta hau, a tsaya nan take, kada a buɗe murfi sai ya huce. Direban da ya ce bari ya ƙarasa kan tudu, shi ne zai ƙona gasket, kuma wannan ba gyaran bakin hanya ba ne. Zafin ma yakan sa fetur ya zama tururi cikin tiyo, mota ta mutu kamar mai ya ƙare. A jira ta huce, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai.

Na biyu birki a gangara, wanda shi ne mai kisa. Man birki yana tsotsar danshi. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya tsufa yana iya tafasa a 155, sai a taka birki ya tafi ƙasa babu komai. Duk motar da man birkinta ya wuce shekara biyu a zubar a sa sabo, a kuma gaya wa direbobi su sauka da ƙaramar giya, kada su ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa.

Sauran ƙanana ne amma suna cin lokaci. Motocin nan gajeru ne, dutse yana fasa kaskon baƙin mai ko ya cire salansa. Farantin ƙarfe da maƙeri zai ɗaura a ƙasa ya fi arha. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya yakan zo da datti da ruwa ya toshe kafireta, don haka a cika tanki a gidan mai a Marwa, a ƙara a Mokolo.

Sai maganar ja. Kada ka ja mota da igiya a gangara: injin da ba ya aiki yana barin birki da tauri, sai ta afka wa fikap ɗinka. Ka sa a haɗa maka sandar ƙarfe ta ja. Mai giyar otomatik kuma ɗauka ake yi, ba ja ba. Kada ka sayi tirela saboda tafiya ɗaya. Ka yi magana da mai motar ɗauka a Marwa, a san farashinsa tun kafin a tashi, kuma mai motar da ta lalace ke biya.

Duk wannan ya shiga takarda ɗaya, shugaban ayarin ya sa hannu, har da cewa ba ka ɗauki alhakin injin da ya ƙone ko haɗari ba. Ka ba su shawarar Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin Maris da Afrilu, ba kuma cikin damina ba. Yankin Mayo-Tsanaga, inda Mokolo da Rumsiki suke, yana da matsalar tsaro, saboda haka su za su sanar da jandarmomi a Mokolo su nemi shawara, kuma a rubuta cewa babu tafiyar dare. Idan hukuma ta hana wucewa, rabin kuɗin da ka karɓa ba ya komawa. Wannan ma a sa shi a takardar.